Gadar Nomau

A takardun ofis tana da lamba, mu ba mu san lambar ba.
Gadar Nomau muke ce mata,
don kakana ne ya riƙe ta shekara talatin da ɗaya,
shi da Cindo mai tari.

Ba irin gadojin nan ba ce da ke kwance kamar gawa.
Wannan tana da ƙugu.
In kogi ya kawo,
jiragen dawa da na tabarmi suka taru a gindinta,
sai Sarkin Ruwa ya buga gora sau uku,
Nomau ya tofa yawu a tafi ya kama mariƙi,
Cindo ya kama ɗaya ɓarin.
Juyi ɗari biyu da arba'in,
sarƙa na kuka, ƙarfe na miƙa,
har tsakiyarta ta tashi kamar raƙumi zai miƙe da kaya.
Matuƙa su bi ta ƙarƙashi suna yi masa ba'a:
"Ɗaga da kyau, Nomau, malafata sabuwa ce!"

In kuwa jirgin ƙasa ya yi kuka daga gabas
sai a kwantar da ita, dogo ya haɗu da dogo baki da baki.
Tarago goma sha bakwai na gyaɗa, ɗaya na mutane,
Inna Tabawa na bin tagogi da ƙwaryar dafaffen rogo.
A nan ta tara kuɗin saniyarta ta fari.

Ban san wanda ya fara gajiya ba,
jirgin ko kogin.
Gyaɗa ta yi ciwo, aka tare ruwa can sama,
kwalta ta ɓullo ta bayan gari da manyan motoci.
Jirgin kullum ya koma na Laraba,
na Laraba ya koma na in-Allah-ya-yarda.

Ranar ƙarshe ba ta sanar da kowa ba.
Wani mai jirgin kanwa ne ya nemi hanya,
suka kama juyi,
a na ɗari da sittin haƙorin ƙarfe ya karye.
Aka rubuta wa ofis. Aka sake rubutawa.
Cindo ya rasu yana jiran amsa.
Tun ran nan take tsaye baki buɗe,
kamar wanda ya soma magana aka katse shi.

Nomau ya saɓo mariƙin ya kawo gida,
ya tura ƙarƙashin gado,
duk Juma'a ya jawo ya shafa masa baƙin mai.
Da ya cika, masu rabon gado suka juya shi, suka juya,
malam ya rasa kuɗin da zai yi masa.
"Kayan hukuma ne," in ji baffana.
"Wace hukumar?" in ji Inna.
Aka bar mini, don ni ne ƙarami, ba ni da bakin ƙi.

Jiya na je.
Kacala ta cinye rabin kogin,
sauran yara na ratsa shi bai kai musu gwiwa ba.
'Yan jari-bola sun kwance abin da zai kwantu,
sun bar abin da ya fi ƙarfin kurarsu.
Zuma ta yi saƙa a akwatin sarƙa,
shamuwa ta yi sheƙa can ƙololuwa,
inda Nomau bai taɓa barin ko yanar gizo ta kwana ba.

Wata yarinya mai kiwon awaki ta ce mini,
"Baba, wa ya kafa tsani a tsakiyar ruwa?
In an hau, ina za a?"
Na buɗe baki,
ni ma sai na tsaya a juyi na ɗari da sittin.

Na zura mariƙin a raminsa. Ya zauna daram.
Ban juya ba.
Na dai riƙe shi har aka kira la'asar,
na sauko tsatsa ta yi mini lalle a hannu.